Tambaya da Amsa: Yadda Ake Bin Tseren Keke Mai Zango-Zango

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makwannin nan sun fi karkata ga tseren keke na ƙwararru, irin wanda ake shafe kwanaki ana yi daga gari zuwa gari. Yawancinsu daga mutanen da suka ci karo da gasar Tour de France a talabijin ne, ta burge su, amma suka kasa gane kanta. Mun zaɓi wasu daga ciki, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kalli tseren keken Faransa na 'yan kwanaki, kuma kullum wani daban ne yake zuwa na ɗaya, amma riga mai ruwan ɗorawa tana jikin mutum guda, wanda ban taɓa ganin ya riga kowa isa ba. To, wane ne yake cin gasar, kuma da me ake aunawa? Daga wani makaranci a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Da agogo ake aunawa. Gasar tana da zango 21 da ake yi cikin kwana 23, da hutu sau biyu a tsakani, kuma jimillar tafiyar takan kai kilomita 3,300 zuwa 3,500. Kowace rana ana rubuta lokacin da kowane ɗan tsere ya ɗauka, a tara shi a kan na kwanakin baya, wanda jimillarsa ta fi ta kowa ƙanƙanta shi ne yake kwana da riga mai ruwan ɗorawa, wanda kuma ya riƙe ta bayan zangon ƙarshe shi ne zakara. Cin zango nasara ce ta ranar kawai, ko da yake ba ƙarama ba ce, domin akwai waɗanda zango guda da suka ci shi ne abin da ake tuna su da shi har su tsufa.

Abin da ya fi rikita sabon mai kallo shi ne ƙa'idar da ta ce duk waɗanda suka iso a dunƙule, babu tazara a tsakaninsu, lokaci ɗaya ake rubuta musu. Saboda haka a ranar da hanya take shimfiɗaɗɗiya, na ɗaya da na tamanin duk lokacinsu ɗaya, in ban da 'yan daƙiƙoƙin tukwici da ake rage wa ukun farko, wato 10 da 6 da 4. Mai neman gasar baki ɗaya ba shi da dalilin kutsawa cikin turmutsitsin mita ɗari biyun ƙarshe, inda ake gudun da ya kai kilomita 65 ko 70 a awa kafaɗa da kafaɗa. Abin da yake buƙata shi ne ya iso lafiya tare da jama'a, ya adana ƙarfinsa sai ranar da aka shiga duwatsu. Chris Froome ya ci gasar 2017 ba tare da ya ci zango ko ɗaya ba. Mark Cavendish kuwa, wanda a 2024 ya cika zango 35 ya zarce 34 na tsohon zakara Eddy Merckx, bai taɓa ko kusantar cin gasar ba, a shekarar ma shi ne na ƙarshe a jadawalin lokaci. Dukansu gwanaye ne, sana'arsu ce ta bambanta.

Shi ya sa riguna suka yi yawa. Mai ruwan ɗorawa, wadda aka fara sanyawa a 1919, ta jimillar lokaci ce. Koriya, tun 1953, ta wanda ya fi tara maki ne a wurin isa da kuma wasu wurare da aka ware a tsakiyar hanya, kuma galibi gwanayen gudun ƙarshe ne suke cin ta. Fara mai jajayen ɗigo ta wanda ya fi tara maki a kan duwatsu ce, fara sol kuwa ta matashin da ya fi kowa ne a cikin waɗanda ba su kai shekara 26 ba. A kowace rana, ke nan, gasa huɗu ko biyar ne suke gudana a kan titi ɗaya, kuma wanda ya san abin da kowane mutum yake nema shi ne zai gane dalilin da ya sa wani yake kashe kansa da gudu, na kusa da shi kuma yana cin ayaba hankali kwance.

Tambaya: Malam, kullum sai in ga mutum huɗu ko biyar sun ɓalle sun yi nisa, ayarin ya ƙyale su har awa uku, sannan daf da ƙarshe a kamo su. Ni dai ina zargin shiri ne. Daga wani ɗan'uwa a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, akwai lissafi a ciki, amma ba irin shirin da kake zargi ba ne. Asalin al'amarin iska ce. A gudun kilomita 45 a awa, mafi yawan ƙarfin ɗan tsere wajen keta iska yake tafiya, wanda kuma ya laɓe a bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan wahala, wanda yake tsakiyar ayarin mutum 170 kuwa ragin da yake samu ya fi haka nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela a kan babur ya san yadda iska take sassautawa. Mutum biyar da suke gaba su kaɗai suke karɓa-karɓa wajen tarar iska, alhali ayarin yana da gomman mutanen da za su yi wannan aiki, wasunsu ma ba su taɓa feda da ƙarfi ba tun safe.

Kowace ƙungiya mahaya takwas take kawowa, kuma a cikinsu mutum ɗaya ne madugu, sauran yawanci hidima suka zo yi masa: su tare masa iska, su koma wurin motar ƙungiya su ɗebo ruwa da abinci, in taya ta yi faci ko kaca ta tsinke su ba shi nasu keken. Saboda haka tambayar da ya kamata ka riƙa yi a kowace rana ita ce, wace ƙungiya ce take da riba in aka kamo 'yan gaba? A shimfiɗaɗɗen zango, ƙungiyoyin da suke da gwanin gudun ƙarshe ne za su sa mutum ɗai-ɗai a gaban ayari su riƙe tazarar kada ta wuce kima. Ba sa son su kamo su da wuri, domin in an kamo su saura kilomita 40, wasu masu sabon ƙarfi za su sake ɓallewa, aiki ya dawo sabo. Akwai tsohon lissafi da masu sharhi suke amfani da shi, cewa ayarin da ya duƙufa yakan ci minti ɗaya a kowace kilomita goma. In ka ga saura kilomita 30 kuma tazarar minti biyu ce, ka ɗauka an kamo su. In minti huɗu ce, to, ka gyara zama. Lissafin ba ya ci kullum, musamman in iska tana bayan 'yan gaba ko hanya tana da kwana da yawa, kuma ranakun da ya faɗi suna cikin mafi daɗin kallo.

Su kuma masu ɓallewar ba wawaye ba ne. Ƙananan ƙungiyoyi suna samun awa uku ana nuna sunan kamfanin da yake ɗaukar nauyinsu, akwai makin duwatsu da ake tsinta a hanya, kuma a zangon da yake da tuddai da yawa sau da dama ayarin yakan ƙyale su su ci, muddin babu mai barazana ga riga a cikinsu. In aka yi sakaci a wannan awo kuwa, ana ji a jiki. A 2006 an bar Óscar Pereiro ya ci kusan minti 30 a zango guda saboda ana ganin ya yi nisa a baya, daga bisani shi aka ba gasar bayan an ƙwace ta daga Floyd Landis.

Mafi kyawun misalin aikin ƙungiya a 'yan shekarun nan, a ganina, shi ne zango na 11 na gasar Faransa ta 2022. Ƙungiyar Jumbo-Visma tana da mutum biyu da Tadej Pogačar ba zai iya ƙyalewa ba, Jonas Vingegaard da Primož Roglič, sai suka riƙa kai masa farmaki bi da bi tun kafin a kai ƙolin dutsen Galibier, shi kuma yana bin kowanne da kansa. Da aka zo hawan ƙarshe na dutsen Granon ƙarfinsa ya ƙare, ya yi asarar kusan minti uku, riga ta koma jikin Vingegaard. Wanda ya kalli kilomita biyar na ƙarshe kawai zai ce Vingegaard ya fi ƙarfi ne kurum, alhali tun awa biyu kafin nan aka haƙa ramin. Wani lokaci kuma hadimi yakan zama madugu: Sepp Kuss, wanda ya taya Roglič cin gasar Italiya ya kuma taya Vingegaard cin ta Faransa a 2023, ya samu jar rigar jagora ta gasar Sifaniya a shekarar ta hanyar ɓallewa, kuma sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce bayan iyayen gidan nasa biyu sun bar shi a baya a kan dutsen Angliru kafin ƙungiyar ta tsaya a bayansa. Da tazarar daƙiƙa 17 ya ci.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce, ba ni da awa biyar da zan zauna gaban talabijin kullum har mako uku. Ta yaya zan bi gasar ba tare da ta cinye mini wata guda ba? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

Amsa: Malama, ko waɗanda suka daɗe a harkar ba kowane zango suke kallo daga farko zuwa ƙarshe ba. Masu shirya gasa suna fitar da taswirar hanya watanni kafin a fara, kowane zango da zanensa mai nuna hawa da gangara, kuma wannan zane shi ne zai gaya miki ranar da za ki keɓe. In layin a kwance yake, minti ashirin na ƙarshe sun wadatar, sai dai in an ce akwai iska mai bugowa daga gefe, domin ita takan yayyaga ayari gida-gida, madugu ya yi asarar minti guda a filin da babu ko tudu. In zanen ya ƙare da doguwar hawa, ki nemi awa ɗaya da rabi. Duwatsun da sunansu yake maimaituwa su ne Alpe d'Huez, mai kwana 21 cikin kusan kilomita 14, da Tourmalet a tsaunukan Pyrenees, wanda aka fara hawa a gasar tun 1910, da Galibier, da Ventoux, inda Tom Simpson na Birtaniya ya rasu a kan kekensa a 1967.

Sai ranar tsere da agogo, inda kowa yake tashi shi kaɗai, babu wanda zai laɓe a bayansa. Kallonta ba shi da armashi ga baƙo, amma a irin wannan rana aka yi juyin da ya fi kowanne shahara. A 1989 Laurent Fignon ya shiga zangon ƙarshe, kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris, yana gaban Greg LeMond da daƙiƙa 50, ya ƙare yana bayansa da daƙiƙa 8, tazarar da har yau ba a sami ƙasa da ita ba a gasar Faransa ta maza. A 2020 ma Roglič yana gaba da daƙiƙa 57 ana gobe za a gama, Pogačar ya juye shi a tsere da agogo da ya ƙare a kan dutsen La Planche des Belles Filles, ya ci da 59.

Lokacin ma ya yi mana daidai, domin a watan Yuli agogon Faransa yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, yawancin zango kuma yakan ƙare wajen ƙarfe huɗu zuwa huɗu da rabi na yamma agogonmu. Ranar da ba ki samu kallo ba, shafin gasar a YouTube yana sanya taƙaitaccen bidiyo, shafin ProCyclingStats kuma yana da cikakken jadawali. Ki duba tazarar goman farko, ki kwatanta da ta jiya, za ki san abin da ya faru. Shawarata kuma ita ce ki zaɓi ƙungiya guda ki san mutanenta takwas, domin hakan ya fi haddace sunaye 180 amfani.

In mako uku ya yi yawa, akwai gasannin mako guda irin su Paris-Nice da Tirreno-Adriatico a watan Maris. Manyan uku dai su ne Giro ta Italiya a watan Mayu, wadda aka fara a 1909, mai riga ruwan hoda. Tour a Yuli, tun 1903. Sai Vuelta ta Sifaniya daga Agusta zuwa Satumba, tun 1935. Akwai kuma Tour ta mata da aka fara a 2022, wadda ba ta kai kwana goma ba, kuma a 2024 Kasia Niewiadoma ta ci ta da daƙiƙa 4 kacal a kan Demi Vollering, a ƙolin Alpe d'Huez.

Tambaya: Malam, bayan abin kunyar Lance Armstrong, shin akwai sauran dalilin da zai sa mutum ya gaskata abin da yake gani? Daga wani dattijo a Sakkwato.

Amsa: Ranka ya daɗe, shakkarka tana da tushe. A 1998 jami'an kwastan sun kama motar ƙungiyar Festina a iyakar Faransa da Beljiyom maƙare da magungunan ƙara kuzari, ciki har da EPO mai ƙara jajayen ƙwayoyin jini, aka kori ƙungiyar daga gasar. Armstrong ya ci sau bakwai daga 1999 zuwa 2005, aka ƙwace duka a 2012 bayan binciken hukumar yaƙi da irin wannan maguɗi ta Amurka, shi da kansa ya amsa laifi a farkon 2013, kuma ba a ba kowa waɗannan shekaru ba, abin da ya isa ya nuna yadda ɓarnar ta game manyan 'yan tseren zamanin. An ƙwace ta 2010 ma daga Alberto Contador.

Abin da ya sauya shi ne hanyar bincike. Tun 2008 kowane ƙwararre yana da kundin jini, wato ana auna jininsa a kai a kai ana ajiye sakamakon, ta yadda in ya yi wani irin sauyi da jiki ba ya yi da kansa za a tuhume shi ko ba a ga maganin ba. Dole ne kuma ya riƙa sanar da inda yake domin a iya zuwa masa gwaji ba zato, kuma tun 2021 wata hukuma mai zaman kanta ce take gudanar da gwajin, ba hukumar tseren keke ta duniya ba. Ana binciken kekunan su ma, domin a 2016 an taɓa samun ɓoyayyen inji a keken wata matashiya 'yar Beljiyom a gasar duniya ta tseren cikin taɓo. Gudun yau ya fi na zamanin Armstrong, kuma masu kare 'yan yanzu suna kafa hujja da ingancin kekuna da tufafi, da atisaye a kan tsaunuka, da yawan abincin da ake ci a kan keke. Hujjojin suna da ƙarfi, amma ni ba zan rantse a kan kowa ba, kuma ba na ganin daidai ne a ɗora wa mutum laifin da ba a kama shi da shi ba don kawai ya fi saura.

Tambaya: Malam, mu 'yan Afirka 'yan kallo ne kawai a wannan wasa? Daga wani matashi a Kumasi.

Amsa: Samari, an wuce nan. Robbie Hunter na Afirka ta Kudu ya ci zango a Tour a 2007, Daryl Impey, shi ma daga can, ya sanya riga mai ruwan ɗorawa a 2013, Daniel Teklehaimanot na Eritiriya kuma ya riƙe rigar duwatsu na wasu kwanaki a 2015 tare da ƙungiyar MTN-Qhubeka. Wanda ya fi su duka tashe shi ne Biniam Girmay, haifaffen Asmara. A 2022 ya ci zango a Giro, sai murfin kwalbar da ake buɗewa a kan dandamali ya buge shi a ido, dole ya bar gasar washegari. A 2024 ya ci zango na uku na Tour a birnin Turin, ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya yi haka, ya ƙara biyu, ya tafi gida da koriyar riga. A 2025 kuma Kim Le Court ta Mauritius ta ci zango ta sanya rigar jagora a Tour ta mata.

Fitowar Eritiriya ba hatsari ba ne. Italiyawa ne suka kai wasan ƙasar a zamanin mulkin mallaka, ya zauna ya zama abin da ake fita kallo a titi, kuma Asmara tana kan tudun da ya haura mita 2,300, wanda yake horar da huhu tun ƙuruciya. Abin da yake tare yawancin matasan nahiyar shi ne tsadar kaya, da ƙarancin gasa, da wahalar samun bizar zama a Turai, inda ake gina suna. Gasa mai zango-zango kuwa muna da su. Tour du Faso ta Burkina Faso tana nan tun 1987. Akwai ta Kamaru. Akwai Tour du Rwanda a watan Fabrairu, inda jama'a suke cika wani gajeren hawa mai daɓen duwatsu a Kigali har da kan katanga da rufin gidaje. A Satumban 2025 Kigali ta karɓi gasar duniya ta tseren titi, karo na farko a Afirka, Pogačar ya ci tseren maza.

Tambaya: Me ya sa a ranar ƙarshe suke tafiya suna hira da ɗaukar hoto, na biyu ba ya yunƙurin ƙwace riga? Daga wani makaranci a Garwa.

Amsa: Al'ada ce, ba doka ba, kuma hanyar ma tana taimaka mata. Tun 1975 ake ƙarewa a titin Champs-Élysées na Paris, inda babu hawan da zai ba mutum damar cin minti guda a kan ayari, saboda haka akan bar rabin farko ya zama na murna, in an shiga birni kuma gwanayen gudun ƙarshe su yi nasu yaƙin, wanda na gaske ne. In zangon ƙarshe tsere da agogo ne al'adar ba ta aiki, kamar a 1989, da kuma 2024 da aka ƙare a birnin Nice saboda wasannin Olamfik. A 2025 masu shirya gasar sun shigar da tudun Montmartre cikin hanyar, aka hau shi sau uku cikin ruwan sama, har Pogačar da kansa, yana sanye da riga mai ruwan ɗorawa, ya shiga neman zangon, sai Wout van Aert na Beljiyom ya bar shi a hawa na uku ya isa shi kaɗai.